Wa Ke Biyan Kuɗin Karo Karatu a Fannin Injiniyancin Kayan Asibiti?

A sashe ɗaya na jami'a ɗaya a Amurka akan samu ɗalibai biyu suna zama aji ɗaya, malami ɗaya yana koya musu yadda na'urar MRI ke ɗaukar hoton cikin jiki, amma lissafin da ke tsakanin kowannensu da jami'ar ya sha bamban. Na farko yana digiri na biyu, yana kuma biyan kuɗin makaranta da ya kai wajen dala 60,000 a shekara idan jami'ar mai zaman kanta ce irin Johns Hopkins ko Duke. Na biyu yana digiri na uku. Ko sisi ba ya biya, an yi masa inshorar lafiya, kuma duk wata ana zuba masa alawus da kan tashi daga wajen dala 30,000 zuwa kusa da 50,000 a shekara, gwargwadon jami'ar da tsadar garin. Wanda bai san kan abin ba sai ya ɗauka na biyun ya fi ƙwaƙwalwa ne, ko kuma ya ci wata gasa ta sikolashif. Galibi ba haka ba ne. Jami'a tana kallon na farko a matsayin mai sayen karatu, na biyu kuwa ma'aikaci ne da aka laƙaba wa sunan ɗalibi, kuma akwai wani mutum guda da ya samo kuɗin da ake biyan sa da su.

Fannin ya ƙunshi duk inda aikin injiniya ya haɗu da jikin ɗan Adam: na'urar wankin ƙoda, kwalabar da ake saka bakwaini, ƙafar roba, na'urar daidaita bugun zuciya, har da rainon fata da tsoka a ɗakin gwaje-gwaje da manhajar da ke karanta hoton huhu. Karatu ne mai cin kuɗi, domin ba a yin sa da allo da alli kaɗai. A Amurka wata gidauniya ce ta fara tsayar da shi da ƙafafunsa. Uncas Whitaker, attajirin da ya kafa kamfanin kayan lantarki na AMP, ya rasu a 1975 ya bar dukiya, gidauniyar da ke ɗauke da sunansa kuma ta kashe sama da dala miliyan 700 wajen gina sassan wannan karatu a jami'o'i da ɗaukar nauyin ɗalibai, sannan ta rufe ƙofa da gangan a 2006 bayan ta raba duk abin da ke hannunta. Kafin ta rufe, gwamnati ta riga ta karɓi ragamar: a ƙarshen shekarar 2000 aka kafa wata cibiya ta musamman mai suna NIBIB a ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, wadda kasafinta na shekara ke wajen dala biliyan 47. Daga wannan rumbu, da na hukumar kimiyya ta NSF, da na ma'aikatar tsaro da kamfanoni, mafi yawan alawus ɗin ɗaliban digiri na uku ke fitowa.

Sai dai kuɗin ba ya zuwa hannun ɗalibi kai tsaye. Farfesa ne ke rubuta wa NIH takardar neman tallafin bincike, ya ce zai yi aiki kaza cikin shekara huɗu ko biyar, yana buƙatar kaza. Mafi shahara a irin waɗannan tallafi shi ne wanda ake kira R01, kuma mafi yawan masu nema ba sa samu. Idan ya dace, a cikin wannan kuɗi zai sayi kayan aiki, ya biya wani ɓangare na albashinsa, ya kuma ɗauki ɗalibai a matsayin mataimakan bincike. Kowane ɗalibi ɗaya nauyi ne babba a kansa, domin ban da alawus, shi ne zai biya wa ɗalibin kuɗin makaranta da inshora, jami'a kuma ta yanki nata kason na wuta da ruwa da gini da ma'aikatan ofis. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, jimillar takan kai dala 70,000 ko ta wuce a shekara. Alaƙar ta fi kama da ta maigida da yaron shagonsa a Kantin Kwari: yana ciyar da kai, yana koya maka sana'a, kai kuma kana yi masa aikin da zai sa shagon ya ci gaba, har ranar da zai yaye ka. Sakamakon binciken da ɗalibi ya fitar shi ne farfesa zai nuna wa NIH gobe domin a sabunta masa tallafi.

Wanda ya gane wannan, salon nemansa zai sauya. Matasanmu da yawa suna ɓata watanni suna bin shafukan da ke jera sunayen sikolashif, alhali tambayar da ta fi amfani ita ce wane farfesa ne ya samu sabon tallafi a fannin da na iya, kuma me zan iya yi masa da hannuna. Amsar rabin farko ma a fili take, domin NIH tana da rumbun bayanai a intanet mai suna RePORTER, inda kowa zai iya rubuta sunan farfesa ya ga tallafin da yake riƙe da shi, nawa ne, da ranar ƙarewarsa. Wanda tallafinsa ya fara bara yana neman hannu. Wanda nasa zai ƙare baɗi, ko ya so ka zai yi jinkirin yi maka alkawari. Rabin na biyu kuwa shi ne inda wanda ya karanta injiniyancin lantarki ko na kanikanci, ko fizis, ko kwamfuta a Zariya ko Kano ko Maiduguri yake da rabo fiye da yadda yake zato. Ɗakunan binciken hoton cikin jiki da na sarrafa siginar zuciya da ƙwaƙwalwa sun fi buƙatar wanda ya ƙware a lissafi da rubuta manhaja a kan wanda ya haddace sunayen ƙasusuwa. Abu na ƙarshe da mutane ba su cika sani ba: a Amurka ana shiga digiri na uku kai tsaye daga digiri na farko. Ba sharaɗi ba ne sai an yi na biyu.

Akwai wata hanyar samun alawus ɗin, wato aikin mataimakin koyarwa, inda sashe ke biyan ɗalibi ya duba takardun 'yan digiri na farko ya kula da su a ɗakin gwaji. Kuɗin kusan ɗaya ne, amma yana cinye lokacin bincike, kuma a sassan injiniyanci galibi madogara ce ta wucin gadi, a zangon da aljihun farfesa ya yi sanyi.

Ɗan ƙasa yana da wasu ƙofofi da baƙo ba shi da su, kuma a nan ne bambancin ya fi zafi. Tallafin GRFP na hukumar NSF, wanda ya samo asali tun 1952, yana ba ɗalibi dala 37,000 a shekara har shekara uku, ya kuma ba jami'arsa dala 16,000, amma sai ɗan Amurka ko mai takardar zaman dindindin. Haka tallafin F31 da T32 na NIH. Amfanin irin wannan tallafi ya wuce adadin kuɗin. Ɗalibin da ya zo da kuɗinsa a hannu kowane farfesa na maraba da shi, yana da ta cewa a kan abin da zai bincika, idan zama ya yi tsami kuma yana iya tattara nasa ya nasa ya koma wani ɗakin binciken. Baƙon da ke kan bizar F-1 ba shi da wannan sukuni. Alawus ɗinsa, kuɗin makarantarsa da izinin zamansa a ƙasar duk suna rataye da yardar mutum ɗaya. Doka kuma ta taƙaita masa aiki ga awa 20 a mako a cikin harabar jami'a lokacin zangon karatu, waɗanda aikin mataimakin bincike ya riga ya cinye. Matarsa, idan ya tafi da ita a kan bizar F-2, ba ta da izinin yin aiki ko kaɗan. An yanka alawus ɗin ne daidai cikin gwauro, ana kuma cire masa haraji. Ga mutanenmu da yawanci kan kai wannan mataki da iyali a wuyansu, wannan lissafi ne da ya kamata a yi shi da alƙalami kafin a yi murna.

Digiri na biyu kuwa, a Amurka da Ingila, haja ce da jami'o'i ke sayarwa, kuma da ribarta suke toshe wasu ramukan. Rangwamen kashi 20 ko 30 cikin 100 da ake aiko wa mutum da sunan sikolashif ba ya sauya wannan. Ɗan Amurka yana iya cin bashin gwamnati, ko da yake shi ma an ƙuntata masa: dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta soke bashin Grad PLUS ga sababbin masu nema daga Yulin 2026, ta kuma tsayar da iyakar abin da ɗalibi irin wannan zai ranta a dala 20,500 a shekara. Baƙo ba ya cikin wannan tsari tun asali. Abin da ya rage masa shi ne kamfanoni irin su Prodigy Finance da MPOWER, masu ba da rance ba tare da neman wanda zai tsaya wa mutum ba, da kuɗin ruwa da sau da yawa ke haura kashi 10 cikin 100. Ga Musulmin da ke gudun riba, magana ta ƙare tun daga nan. Wanda ma bai duba ta wannan fuska ba, ya duba ta fuskar canji. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Dala 60,000 a wannan farashi naira miliyan 90 ce, kuɗin makarantar shekara ɗaya tak, ba ci ba haya. Babu albashin injiniyan asibiti a Najeriya da zai biya wannan. Wanda ya ci bashin ya riga ya yanke wa kansa hukuncin dole sai ya samu aiki a can, cikin shekara ukun da doka ta ba masu karatun kimiyya da injiniyanci su yi aiki bayan kammalawa. A ganina caca ce da gidan iyaye, kuma na fi ganin hikimar wanda ya ƙara shekara guda yana gyara takardunsa domin neman digiri na uku.

Shekarar 2025 ta nuna cewa ita ma waccan hanyar ba dutse ba ce. Ranar 7 ga Fabrairu NIH ta sanar cewa kason da jami'o'i ke yanka a kan tallafi ba zai ƙara wuce kashi 15 cikin 100 ba, alhali irin su Harvard da Johns Hopkins suna karɓar sama da kashi 60. Wata kotun tarayya a jihar Massachusetts ta dakatar da matakin, amma tsoro ya riga ya shiga. An soke tallafi da dama, an jinkirta zaman kwamitocin da ke tantance sababbi, jami'o'i suka rage yawan ɗaliban da za su ɗauka. Makarantar likitanci ta UMass Chan ma janye tayin da ta riga ta yi wa masu neman digiri na uku ta yi a watan Maris. NSF, wadda ta saba ba da GRFP ga mutum wajen 2,000 a shekara, 1,000 ta fara sanarwa kafin ta ƙara 500 daga baya. Duk ɗan ƙasar da ya rasa wannan tallafi ya dawo yana takara da baƙo a kan kuɗin farfesa. Sai kuma batun biza. A Yunin 2025 aka hana 'yan Chadi da Sudan shiga Amurka, a Disamba aka ƙara Nijar a wannan jeri, aka kuma saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Takardar tayi daga jami'a ba ta buɗe ƙofar ofishin jakadanci.

Wannan ya sa Turai ta cancanci a dube ta da kyau, kuma tsarinta ya fi fitowa fili ya faɗi gaskiyar abin. A Jamus, Holan, Suwidin, Denmak da Suwizalan, gurbin digiri na uku aiki ne da ake tallata shi kamar kowane aiki, da kwantiragi da albashi da hutu da fansho. A Jamus ana biya a kan matakin albashin ma'aikatan gwamnati na E13, sai dai akwai wani ɗan sirri da ya shafi wannan fanni musamman, saboda yana tsakanin gidaje biyu: gurbin da ke ƙarƙashin tsangayar injiniyanci yakan biya cikakken albashi, wanda ke ƙarƙashin tsangayar likitanci ko kimiyyar halittu kuwa yakan tsaya a kashi 65 cikin 100, ko da aikin kusan iri ɗaya ne. Guraben Marie Curie na Tarayyar Turai a buɗe suke ga ɗan kowace ƙasa, muddin bai zauna a ƙasar da zai je ba fiye da wata 12 cikin shekara ukun da suka wuce. A Faransa akwai tsarin CIFRE, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibi aiki na shekara uku ya yi bincikensa tsakanin masana'anta da jami'a.

Cikas ɗin Turai shi ne sai da digiri na biyu ake shiga na uku. Amma nan ma nauyin bai kai na Amurka ba. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, in ban da jihar Baden-Württemberg da ke cajin baƙi yuro 1,500 a zango tun 2017, da jami'ar fasaha ta Munich da ta fara caji a 2024. Garin Erlangen, inda kamfanin Siemens ke da cibiyar kayan asibitinsa, yana da jami'a mai koyar da wani reshe na wannan digiri da Turanci. Abin da ke kayar da mutane shi ne kuɗin da ofishin jakadanci ke so a kulle a asusu kafin biza, wanda ya kai yuro 11,904 na shekara guda daga Satumban 2024. Shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ɗauke wannan duka, da alawus na yuro 1,400 a wata, sai dai masu nema daga ko'ina a duniya suke.

Ingila tana tsakatsaki. Tun 2021 an bar baƙi su nemi guraben digiri na uku na UKRI, hukumar da ke ɗaukar nauyin bincike a ƙasar, amma ba za su wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma kuɗin makarantar da hukumar ke biya na ɗan ƙasa ne, wajen fam 5,000. Ratar da ke tsakanin wannan da abin da ake cajin baƙo takan ninka shi sau huɗu ko biyar, kuma sai jami'a ta yarda ta yafe. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu. Tallafin Commonwealth ya shafi Najeriya, Gana da Kamaru, ban da Nijar da Chadi. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali. Ta gabas, jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009 a Thuwal, arewa da Jidda, tana ɗaukar nauyin duk wanda ta ba gurbi, da gida da alawus, da Turanci take koyarwa, tana kuma da sashen injiniyancin halittu. Ban ga dalilin da zai sa ba ta cikin jerin farko na ɗalibin da ya fito daga ƙasar Hausa ba.

Kuɗin gida ya ja baya a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun Najeriya, wadda dama malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai take turawa, ta dakatar da tura su waje daga Janairun 2025, tana kafa hujja da tsadar canji da yawan waɗanda ke ƙin dawowa. A wannan shekarar kuma gwamnatin tarayya ta soke shirin BEA na musayar ɗalibai, bayan dogon koken waɗanda ke Maroko da Rasha da sauran wurare kan rashin biyan alawus. Gwamnatin Kano ta farfaɗo da nata shirin a 2023 da sanarwar tura mutum 1,001 digiri na biyu a Indiya da Yuganda. Abu ne mai kyau, amma tallafin jiha yana tafiya ne da ran gwamnatin da ta kawo shi, digiri na uku kuwa sau da yawa yakan fi wa'adin gwamna tsawo.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattaunawa ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuɗin NIH na masu biyan haraji ne a Amurka, don haka matsalolin asibitocinsu yake bi: na'ura mai ƙarin kaifin hoto, mutum-mutumin tiyata, maganin da aka ƙera daidai da ƙwayar halittar mutum ɗaya. Matsalar asibitocinmu daban ce. Wani bincike da Lora Perry da Robert Malkin na jami'ar Duke suka wallafa a 2011, wanda ya duba kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe masu tasowa, ya gano kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki, saboda rashin horo, rashin ababen more rayuwa da rashin tsarin kulawa. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibitin gwamnati ya ga ɗakin da ake jibge irin waɗannan. Wanda ya shafe shekara shida yana gyara ƙwayoyin halitta a Boston zai dawo da ilimin da babu injin yin sa a nan, sai a ce ya ƙi dawowa. Ɗakunan binciken da ke aiki a kan na'urori masu jure ƙura da zafi da ɗaukewar wuta suna nan, amma kaɗan ne. Na jami'ar Rice a Texas, wanda ya ƙera na'urar taimaka wa jarirai numfashi mai sauƙin kuɗi tare da likitocin Malawi, shi ne ya haifar da shirin NEST360 da ke aiki a Malawi, Kenya, Tanzaniya da Najeriya. Jami'ar Cape Town ma ta daɗe a wannan layi. Mai niyyar dawowa gida ya fi dacewa ya nemi irin waɗannan tun farko, ko ya yi rajistar digirinsa a gida ya nemi tallafin Commonwealth mai raba zama, wanda ke ba shi wata 12 a ɗakin bincike a Ingila ya dawo ya ƙarasa.

Idan takardar tayi ta zo, kalmar "cikakken tallafi" da ke samanta ba ta isa ba. Wata jami'ar tana lamunce shekara biyar da sunan sashe, ta yadda ko kuɗin farfesa ya ƙare sashen zai ɗauki ɗalibin. Wata kuwa shekara ɗaya take rubutawa, ta ƙara da cewa sabuntawa ya danganta da samuwar kuɗi. Wani alawus na wata 12 ne, wani na wata 9, watanni ukun bazara mutum ya san inda dare ya yi masa. Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen rajista da yafewar ba ta shafa ba, da inshorar iyali da ba ta cikin lissafi. Ana iya tambayar duk wannan a rubuce, ana kuma iya tuntuɓar ɗaliban da ke ƙarƙashin farfesan a ji yadda yake riƙe mutane da shekara nawa suke yi kafin ya sallame su. Lokacin yin hakan yana nan, domin ɗaruruwan jami'o'in Amurka sun rattaba hannu kan yarjejeniyar cewa ba za a tilasta wa ɗalibi amsa tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba.